Nesa da Rijiyar Masallaci

"To yau kuma wa za ka kai wa rahoton, ya Ustaz? Ofishin naku ko ƙyaure babu," in ji Sittana.

"Ke mana," in ji Ustaz Ashafa, yana jawo igiyar awo daga rijiya yana haki. "Ke ce ma'aikatar yanzu, ya Hajja. Ruwa ya ɗan hawo, gishiri kuma da sauƙi."

Sittana ta yi dariya, ta karɓe igiyar daga hannunsa. Rayuwarsa kaf a yawon aikin gwamnati ya ƙarar da ita, yana ɗebo samfurin ƙasa da dutse da ruwa, daga baƙar lakar Jazira har duwatsun Sabaloka. Da yaƙi ya shigo Omdurman famfo ya ƙafe, layinsu na Umbadda ya watse, sai tsofaffi da maguna, kowa ya koma shan tsohuwar rijiyar masallaci. 'Ya'yan Sittana suna Masar suna jiran ranar dawowa. Shi kuwa bai taɓa aure ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta kan katangar take miƙa masa kofin gahawa kowace safiya, sannan ta tsaya tana sauraron tarinsa, don zuciyarta ta yarda akwai wani mai numfashi a duniya banda ita.

Da maganin sukarinsa ya ƙare, sai ya kwanta. Ta same shi a kan angarib, gadon igiya, ya rame kamar kara, kwalaben ƙasa sun kewaye shi, ja da baƙa da fara, tamkar dangi sun zo dubiya.

"Ya Hajja, hanyar maƙabarta a rufe take. In na cika, mutane za su so su binne ni a filin gefen rijiya, don yashi ne, ba wuyar haƙa."

"Bar wannan zance. Allah ya tashi kafaɗarka."

"Saurara dai. Yashi ba ya riƙe amana, duk abin da aka ba shi rijiya yake kai wa. Gidana ma yashin ne. Ku nema mini laka, nesa. Kada in shayar da ku abin da na yi shekaru ina hana mutane sha."

Ranar Talata da hantsi ta ɗaga kofi ta kan katanga. Ta daɗe hannunta a sama. Ba wanda ya karɓa.

Ado kafinta da Mahir mai gasa burodi ne suka yi masa wanka, suka sallace shi tare da ladan. Daga wajen kasuwa ana jin harbi jefi-jefi.

"Khalas, shi ke nan, gefen rijiya," in ji Mahir, ya saɓa shebur. "Kafin abin nan ya matso mun gama."

"Ya bar wasiyya," Sittana ta ce daga bakin ƙofa. "Laka ya ce, nesa da ruwa."

"Ya Hajja, ina muka ga laka a nan?" in ji Ado. "Mu da gwiwa ta ƙare?"

Ta sani sarai. Tsakar gidanta ce kaɗai ruwan sama ke kwana a cikinta duk damina, don laka ce. A nan take shimfiɗa tabarma a gindin lemo in zafi ya yi yawa, a nan ta ci burin ganin an sa wa 'yarta Duha lalle. Ta faɗa musu a nan lakar take.

Mahir ya sauke shebur. "Yaranki su dawo su tarar da kabari a tsakar gida? Na wanda ba danginku ba? Wallahi mutane za su yi magana."

"Waɗanne mutane, ɗana?"

Iska ta kaɗa wani ƙyaure da aka bari a buɗe can ƙarshen layi. Sittana ta goge ido da bakin mayafinta, ta je ta wangale ƙofar gidanta, ta janye tabarma daga inuwa.

"Ku ɗauko shi," ta ce. "Ku haƙa nan, gindin lemo."