Kilomita Hamsin Kafin Ƙanƙara

Ni na sa wa keken Baba kwaɗo, ban musa ba. Bara ya faɗi a kan ƙanƙara a bakin gada, ƙugunsa ya tsage, ya yi wata biyu yana dogara sanda. Shekararsa saba'in da huɗu. Da ɗumi ya dawo na buɗe masa keken, amma na ce ranar da hanya ta daskare zan sake kullewa, ya koma hawa bas.

Bas ɗin ne baƙin cikinsa. Shekara uku ke nan Mama tana gidan kula da tsofaffi a ƙetaren kogi, sunayenmu suna zube mata ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya daɗe da tafiya. Abu guda ya rage mata: in ta leƙa taga ta ga mutum ya jingine baƙin keke a jikin bishiya yana cire safar hannu, ta san Veikko ne, mijinta. Ranar da ya fara zuwa a bas ya shiga ta ƙofar gaba, sai ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya ko shi ne mai gyaran famfo. Haka ya ƙare sanyin bara, baƙo a wurin matarsa.

Ƙarshen Oktoba ya shigo kicin ɗina da sababbin tayoyi biyu masu ƙusoshi rataye a wuya.

"Sirkku, zuba min kofi, magana na zo da ita."

"Baba, tun ina yarinya kake zagin wannan taya. Ka ce ta ragwaye ce da mutanen kudu."

"To na zama rago. Sai me?"

Duk mai keke a garinmu Oulu ya san ƙa'idar: sabuwar taya sai ta ci kilomita hamsin a busasshiyar hanya, a hankali, ba matse birki, kafin ƙusoshin su zauna daram a cikin roba. Wanda ya yi gaggawa, suna iya zube masa a ranar da ya fi buƙatarsu. Na duba waya. Litinin muke, Juma'a ake sa ran ƙanƙara.

"Hamsin cif kafin Juma'a," na ce. "Ko ɗaya ta rage, bas."

Na faɗa ne don na tabbata ba zai iya ba. Allah ya yafe min.

Ranar ya yi kilomita sha uku. Talata sha huɗu. Ƙusoshin suna ƙaras-ƙaras a kan kwalta, ana jinsa tun daga kwana. Maƙwabcinsa Reijo, abokinsa tun suna aikin masana'antar takarda, ya leƙo daga baranda.

"Tsoho, kifi kake soyawa a ƙarƙashin keken nan?"

"Sauko ka ɗanɗana, mai tumbi."

Laraba ƙugun ya motsa, da ƙyar ya yi sha ɗaya. Talatin da takwas ke nan. Sai Alhamis muka wayi gari ruwa ya sauka ya daskare, kwana ɗaya kafin lokaci, gari duka yana ƙyalli kamar gilashi. Na sa kwaɗon a aljihu na nufi gidansa, ina shirya kalmomin lallashi.

Ba ya ɗaki. Daga ƙasa na jiyo ƙarar, na sauka garejin da ke ƙarƙashin ginin. Ga Baba yana zagaye ginshiƙai tsakanin motocin mutane, ga Reijo a kan kujerar roba da filas, yana ja wa bango layi da alli.

"Zagaye arba'in da shida," in ji Reijo. "Na auna masa, zagaye tamanin ne kilomita sha biyun da suka rage. Ubanki ya haukace, 'yata, ni kuma ya mayar da ni alƙali."

"Baba, wannan siminti ne, ba hanya ba."

"A bushe yake ko a jiƙe?" ya ce, ya wuce ni.

Da ya sake zagayowa na ga fuskarsa. Ya cije leɓe, duk takun ƙafar hagu sai idonsa ya ƙanƙance, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Na karanta labaran soyayya ba adadi, ban taɓa cin karo da wanda ya kai tsohon nan mai zagaye gareji ba. Na karɓi allin daga hannun Reijo, hawaye yana hana ni ganin bangon, yana zagayowa ina ja masa layi, sauran talatin da huɗu da hannuna.

Juma'a da hantsi muka fita, shi a gaba, ni a baya a kan nawa keken. Muka iso bakin gadar da ya faɗi bara. Tayar ta kama ƙanƙarar tsam, bai ko karkata ba.

A gindin bishiyar ya riƙe reshe kafin ya sauke ƙafa, ya jingine keken, ya soma cire safar hannu yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga kai ba. Tsoro yake ji, na gane. Ni na ɗaga, na ga Mama tsaye a taga, tafinta a kan gilashi.

Muna shiga ta kama kunnuwansa da hannu biyu.

"Veikko, dubi yadda suka yi ja. Kai ba ka jin magana."

"Ba na ji, Aune."

Sai ta juyo gare ni. "Wace ce wannan?"

"'Yarmu ce."

Ta daɗe tana kallona.

"To a ba ta kofi mana, ta sha sanyi."