Silon da Glenda Ta Saita

A filinmu na karon motoci, can bayan gonakin dankalin Norfolk, doka ɗaya kowa ya haddace: muddin bututun salansa da muke fito da shi ta saman bonet yana hayaƙi, kai nama ne, kowa na iya dukanka. In injinka ya mutu, ka fita daga wasa, ba mai taɓa ka.

Wannan doka ce ta jefa Royston Utting, ƙanen matata Glenda, cikin masifa. A karon da ya wuce Clive Pegg ya wulwula masa mota, injin ya mutu, aka bar shi tsakiyar fili kamar buhun taki. A mashaya Pegg ya yi ta shela wai Royston da hannunsa ya kashe injin don tsoro. Royston ya fasa masa kofi a goshi, 'yan'uwan Pegg suka zubar masa da haƙora. Ni na kwashe shi gida, jini har cikin aljihuna.

Ranar Lahadi muka sauke motar a wurin shiri, tsohuwar ƙatuwa, ba gilashi, ba kujera sai ta direba. Ciwonta na nan: a taka totur ta yi ruri, a ɗaga ƙafa ta yi tari ta mutu, ba ta riƙe silo.

Royston ya ce, "Yaya, zo ki saita min silon nan."

Glenda ce ta gaji hannun babansu a kanikanci, shi kuwa zafin zuciyar kawai ya gada. Ta kurɓi shayinta ta ce, "Bar ta haka. Mutuwar injin nan ce ta bar maka kai a wuya."

"Wato ke ma kin yarda ni matsoraci ne."

"Na yarda kai sakarai ne. Su Pegg su uku ne yau, kai kuma kai kaɗai."

Ya wurga sifana, ta wuce ta gefen kunnena ta lotsa ƙofar motata. "Da Baba na raye da tuni ya gyara. Ko dai ba ki iya ba ne?"

Nan ya same ta. Glenda na jure zagi, amma ban da a ce ba ta iya ba. Na ce, "Ke, rabu da shi," ko kallo ban ishe ta ba.

Ta sa shi ya ɗan riƙe totur, ta zura sukudireba a kafireto ta murza sukurun da ke daidaita mai da iska, ciki da waje. Injin ko a jikinsa. Ta ce, "Ba ya ji. Ko hanyar mai ta toshe, ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya." Ta kwance ɗan jet ɗin silo, ƙaramin bakin da mai ke bi, ta ɗaga shi a rana, tsatsar tanki ta cushe ramin. Ta busa da baki, ta tofar da fetur, ta mayar. Injin ya ci gaba da aiki da kansa, amma yana kyarma. Ta kara kunne ta ji tsotso: wani tiyo ne Royston ya datse lokacin da yake fige motar, ya bar bakinsa a hangame.

"Ga aikinka nan, injiniya." Ta cusa wa tiyon ƙusa mai kauri ta ɗaure da waya. Sannan ta koma kan sukurun, a hankali, kai a karkace, har ƙarar ta miƙe sumul. Ta ɗora kofin shayinta a kan injin, shayin bai ko girgiza ba.

"Ko katanga ka daka ba zai mutu ba," in ji ta. Murmushi ma take yi.

Ana kaɗa koriyar tutar fara wasa Royston bai nemi kowa ba sai Pegg. Ya tare shi ta baya a kwana ya haɗa shi da turken ƙarfe, bayan motar Pegg ya naɗe, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Kafin ya ja baya ƙanen Pegg ya shigo masa ta gefe. Motar ta tashi, ta juya, ta bugi shinge. Ina kallo kansa ya daki ƙarfen ƙofa ya rinjayo kan sitiyari, hannuwansa suka zube.

Ƙafarsa ta sauka daga totur. Da a makon jiya ne, da a take injin ya mutu. Yau kuwa bututun na fitar da hayaƙi, ɗai-ɗai, ba gargada.

Glenda ta kama shinge tana jijjigawa, tana yi wa injin ihu. "Mutu! Ka mutu mana!"

Mai tuta yana can ɗaya ɓangaren. Ya hangi hayaƙi, bai ɗaga jar tutar tsayar da wasa ba. Pegg ya ɓamɓaro motarsa daga turken, ya zagayo fili, ya miƙo da gudu. Shi ma hayaƙin yake kallo. Na yi ta kaɗa hannu har muryata ta dishe, amma wa zai ji? Ya daki motar Royston, har yau ƙarar nan tana kunnena.

Glenda ta riga kowa isa, waya ta yage mata hannu wurin tsallake shinge. Ta kira sunansa, ta kira shi da sunan da take kiransa yana ƙarami, shiru. Ta taɓa wuyansa ta daɗe, ba bugu, sannan ta janye hannu. Injin kuwa yana nan yana zuba silonsa lafiya lau. Ta zagaya gaba, ta finciko bonet ɗin da ya lanƙwashe, ta kifa tafin hannunta a bakin kafireton, ta danne da dukan ƙarfinta har injin ya mutu.