Baƙuwar Malam Sanda

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam Sanda, ɗansa Mubashir ya ɗauko shi daga Kano ya kawo shi Dubai magani. Bayan asibiti sun sallame shi, Mubashir ya rasa inda zai ajiye shi. Ɗaki ɗaya gare shi a unguwar Al Nahda, aiki kuma a Abu Dhabi, sai Juma'a yake dawowa. Sai ya kai tsohon wani gidan kula da tsofaffi.

Gida fes, ko'ina ƙamshi. Amma bayan azahar ma'aikata raguwa suke, shi kuwa Malam Sanda ba ya yarda ya yi la'asar sai da alwalar ruwa. Wata rana ya ja jiki zuwa bayi, ya zame ya faɗi. Daga ranar manajan gidan ya ba da umarni, wani ƙaton nas ya riƙa ɗaure masa hannuwa da tsumma a ƙarfen gado daga azahar, sai magariba a kwance shi. Wuyan hannunsa ya saluɓe, ya fara ruwa. Bai gaya wa ɗansa ba. Kullum Juma'a cikin riga mai dogon hannu yake tarbarsa.

Louisa ce ta gani, 'yar Kagoro mai canja shimfiɗa, ita kaɗai ke jin Hausa a gidan. Ta buga wa hukuma waya, ba ta faɗi sunanta ba.

"Baba, na kira masu duba gidaje irin wannan," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "In sun zo, ka faɗi abin da ake maka."

"To, 'yata. Allah ya kawo su lafiya."

Da hantsi wata Balarabiya ta iso daga hukumar, babu sanarwa. Ta zaga ɗakuna, ta duba magunguna da ƙofofi. Da ta zo kan Malam Sanda, ta sa manaja ya fita, ta ce Louisa ta tsaya ta yi tafinta. Manaja ya fita, ya tsaya bayan gilashin ƙofa.

"Ta ce ana ɗaure ka?" in ji Louisa.

Malam Sanda ya gyara zama, ya ja hannun rigarsa ƙasa. "Ki tambaye ta ta zo lafiya, ya iyali."

"Baba, tambaya ta yi maka."

"Na ji, ai ban kurumce ba. Ki ce abincinsu nake ci, a gadonsu nake kwana. Ba ni da ta cewa sai godiya."

"Don girman Allah, ɗaga hannun rigar kawai."

"Ke, baƙuwa ce fa. Yau ta fara ganina, sai in tare ta da gyambo? Haka ake yi a garinku?"

Louisa ta dubi gilashin ƙofa. Bizarta a hannun gidan nan take. Ta fassara godiyar kamar yadda aka faɗa. Balarabiyar ba ta gamsu ba, ta miƙa hannu za ta duba, tsoho ya janye nasa. Ba ta tilasta shi ba. Ta ce za ta dawo da likita namiji, ta ajiye masa katinta a cinya, ta ce ya kira ta kowane lokaci.

Mutumin da aka yi wa tarbiyya ba ya ɓoye wa maigida kyautar da baƙo ya yi masa a gidansa. Baƙuwar na fita, Malam Sanda ya yafito manaja, ya miƙa masa katin.

"Ki ce ya taya ni godiya," ya ce wa Louisa.

Louisa ta kau da kai. Tsoho ya ga ta ƙi, sai ya haɗa ɗan Larabcinsa na allo da nuni. Ya nuna katin, ya nuna Louisa, ya kai hannu kunne kamar mai waya, ya ce shukran, yarinyar kirki ce, ita ta kira masa baƙuwa.

Manaja ya yi murmushi, ya sa katin a aljihu.

"Khalas, Baba," ya ce, wato shi ke nan. Ya juya ga Louisa. "Yalla, zo ofis."

Malam Sanda ya zauna yana jiran ta dawo ta gyara masa filo. Aka kira azahar ba ta dawo ba. Da ƙofa ta buɗe, ƙaton nas ne, ya shigo ya sauke labulen gilashin.