Bushiya da 'Ya'yanta

Shekara tara Na'ibi ya yi yana kula da lambun gidan Hajiya Maimuna a unguwar Abhur ta Jidda, kuma shida daga ciki ya kwashe su ne yana rigima da mutanen gidan a kan lungu guda. Can bayan gida ne, gindin wata kurna, inda yake tara busasshen ganyen dabino da sharar furanni ya bar su su ruɓe. Duk wanda ya leƙa sai ya toshe hanci ya ce ƙazanta ce. Shi kuwa Na'ibi, mutumin Tawa mai taurin kan tsiya, cewa yake lambun da ba abin da ke motsi a cikinsa ai darduma ce kawai.

Shi ya hana a yi feshin maganin ƙwari. Shi ya ajiye tsohon faranti a ƙasa yana cika shi da ruwa kullum bayan sallar asuba. Tsuntsaye suka fara zuwa, ƙadangaru suka biyo baya, ana nan sai ga bushiya, Allah kaɗai ya san ta inda ta ɓullo a unguwar da ko'ina siminti ne da kwalta. Ta tare a ƙarƙashin tarin ganyen. Tun zuwanta kyankyasai da gyare suka yi ƙaranci, har Hajiya ta yi ta yabon yadda furanninta suka murmure, ba ta san wa ke yi mata aikin ba. Bai gaya wa kowa ba, don ya san halinsu sarai: duk abin da ke rarrafe ko yake da ƙaya, da tsintsiya suke gaishe shi.

Wata Asabar da safe ya ɗaga ganyen a hankali da bakin sanda, sai ya ga ta haihu. Guda huɗu, kowanne bai wuce babban yatsa ba, ido a rufe, ƙayoyinsu farare masu laushi. Dattijo da furfurarsa ya tsuguna yana dariya shi kaɗai. Ya mayar da ganyen yadda yake, don ya san bushiya tun yana yawon gona a gida: in aka tone mata ɗaki, sai ta bar 'ya'yan ta yi gaba. Wata guda kawai suke bukata kowa ya ƙyale su.

To, watan ne ba a samu ba. Ranar Alhamis za a yi walimar auren Meshari, ɗan Hajiya, kuma a lambun za a yi ta. Yayarsa Wejdan, wadda ragamar gidan ke hannunta, ta riga ta kira kamfanin shara su zo ran Talata su gyare ko'ina. Talatar nan kuwa ita ce ranar da aka ba Na'ibi ya je a ɗauki hoton yatsunsa don sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa. Sau ɗaya ya riga ya ɗaga, in ya sake takardarsa ta mutu.

Ran Litinin bayan la'asar ya tare Wejdan a bakin ƙofar kicin, tana riƙe da waya a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. A Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi uwarta. Kakan uwar ne ya taho daga Kano aikin hajji bai koma ba. Tana jin Hausa, amma in za ta yi sai ta riƙa taka kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tafiya a rairayi mai zafi. Duk da haka tana son yi da Na'ibi, tana ma alfahari da hakan. Shi kuma Larabcinsa na kasuwa ne da na cikin mota, ba a taɓa ambaton bushiya a ciki ba.

"Hajiya ƙarama, magana gare ni," ya ce. "Gobe in mutanen nan sun taho, can baya kar su taɓa mini. Akwai bushiya da 'ya'yanta." Da a Tawa ne ɗiyanta zai ce, amma sai ya zaɓo kalmar da ya san ta fi ganewa.

"Ɗayyib, ya ammi. Bishiya da 'ya'yanta. A baya." Haka take kiransa, ya ammi, wato baffa.

"Ƙanana ne, ba su yi ƙwari ba. Ko motsa wurin aka yi, an lalata."

"Halas, na gane. Wallah ni da kaina zan tsaya, babu mai taɓa ko ɗaya."

Wayarta ta yi ƙara, ta shige ciki. Da ya kasa kunne da kyau da ya ji abin da ta faɗa, amma a bakin Wejdan dama kalmomi ba sa fita daidai, kuma a garinsu icce ake cewa, ba bishiya ba. Ya tafi da sanyin zuciya, har yana zargin kansa da munana wa mutanen gidan zato.

Talata ta zo masa da nata haushin. Ya yi layi tun safe, da aka zo kansa na'urar ta ƙi karanta yatsunsa, ƙasa da taki sun goge zanen. A shafa mai, a goge, a sake dannawa, a ce ya koma ya zauna. Sai bayan azahar ta haƙura ta karɓa. Bai iso Abhur ba sai da la'asar ta yi.

Tun daga bakin ƙofa warin feshi ya doki hancinsa. Ya bi ta gefen gida da sauri, takalmi na fita daga ƙafarsa. Lungun ya zama fili fetal. Babu ganye, babu faranti, an shimfiɗe ciyawar roba kore shar har jikin katanga. Kurna kuwa tana tsaye kamar amarya: an zagaye ta da jan ƙyalle don kar wani ya matso, an baza farin zane a gindinta saboda 'ya'yan da za su faɗo.

Wejdan ta fito tana murmushi. "Shuf, ya ammi! Na tsaya tun safe a rana. Ko ɗa ɗaya ba su tsinka ba."

Na'ibi ya juyo gare ta. Ya ɗaga murya da ƙarfi, irin yadda bai taɓa yi wa kowa a gidan ba.

"Ina ganyen? Ina sharar da ke nan?"

"Sun kwashe, ai shara ce. Kai ka ce bishiya..."

"Bushiya! Bu! Wa ya yi miki zancen icce? Mi za ya samu kurna? Shekara ashirin tana nan tsaye, ko da gatari aka zo sai an yi gumi!"

Ya dunƙule hannuwansa yana nuna mata, ya miƙe yatsu kamar ƙaya. Ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Hajiya Maimuna ce, da ke zaune a inuwar baranda da carbinta, ta ɗago kai.

"Gunfuz yake nufi, ke," ta ce wa 'yarta. "Bushiya. Rabona da jin kalmar nan tun rasuwar innata. Dama akwai ta a gidan nan?"

"Akwai ta, Hajiya. Shekara biyu tana yi miki aiki."

Wejdan ta dafe ƙirji. Nan take ta kira kamfanin, ta yi ta zuba Larabci, Na'ibi na tsintar abin da ya iya. Motar ta tafi tun kafin azahar. Irin mai matse shara ce. An riga an juye a can bayan gari.

Bai jira ta gama ba. Ya fita ya bi sawun da suka ja ganyen, yana duba gindin kowace tukunyar fure, yana leƙa magudanar ruwa, ko uwar ta samu ta kuɓuce. Bai gan ta ba. A bakin titi, daidai inda motar ta tsaya, ya sami ɗa guda a kan kwalta, rana ta gama da shi, tururuwa sun riga shi isowa.

Abin da ya fi ci masa rai, ba shi da wanda zai kama. Yarinyar nan ta yi masa alkawari kuma ta cika, har rana ta sha saboda shi. Taku ashirin ne daga ƙofar kicin zuwa lungun, da ya ce ta biyo shi ta gani da idonta, da an gama. Shekara biyu yana ɓoye abin, ranar da ya tashi faɗa kuma ya faɗa a tsaitsaye.

Ya ɗauko ɗan a cikin hularsa, ya yaye gefen ciyawar robar, ya haƙa ƙasa da yatsunsa a gindin kurna. Wejdan ta zo ta tsaya daga baya, idonta ya yi ja.

"Ma'alesh, ya ammi, yi haƙuri," ta ce a hankali. "Sake faɗa mini. Ina so in iya."

Bai juyo ba. "Bushiya."

"Bishi... bushi..."

"Bushiya."

"Bushiya," ta ce.

Wannan karon ta faɗa daidai, ko mutumin Tawa ba zai gyara mata ba. Na'ibi ya mayar da ƙasa, ya danne da tafin hannu, ya ja ciyawar robar ya rufe wurin, don jibi akwai baƙi.