Ganyen Mummuna

A gidanmu Mummuna muke ce masa, kuma ya ci sunansa. Tumatir ne ƙato mai tsaga-tsaga, kafaɗunsa kore ko ya nuna, fatarsa ba ta jure tafiya, kwana biyu a kwando ya fara kuka. Amma in ka yanka shi ka barbaɗa gishiri, sai ka ji haushin duk tumatirin da ka taɓa saya a kasuwa. Kaka ta karɓi irinsa daga hannun mahaifiyarta, shekara fiye da hamsin tana shuka shi a bayan gida, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Na bincika, ban sami wani gida da ke da shi ba.

A bana Kaka ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Wata uku tana kwance. Lokacin yafa iri ya zo, gida cike da mutane masu ƙafa biyu lafiyayyu, babu wanda ya ko leƙa bayan gidan. Wannan shi ne halinmu da ke ƙona mini rai: abu yana mutuwa a gabanmu muna kallo, sai ya mutu mu zauna muna ba da labarin daɗinsa.

Na faɗa wa Kawu, ƙanen mahaifina, wanda gidan ke hannunsa. Yana zaune a ƙofar kicin yana gyaran fanka.

"Kawu, in damina ta wuce ba a shuka ba, irin nan zai iya ƙarewa. Ka san abin da hakan ke nufi?"

"Na sani mana, Farfesa. Yana nufin za mu ci na gwangwani, kamar sauran bayin Allah."

"Na gwangwani! Rabinsa gari ne da kala."

"To ke da kika yi shekara huɗu kina karatun noma, ga fili can. Ni miƙo mini sukudireba."

Na miƙa masa da ƙarfin da ya fi buƙata, na wuce ɗakin Kaka.

Ta sa na jawo wata tsohuwar kwalbar man shafawa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙyalle, ƙwayoyin iri sun bushe sun manne a jikinsa. Haka take yi duk shekara: ta matse wanda ya fi nuna a kan ƙyalle, ta shanya a inuwa.

"Uwar gaggawa," ta ce, don haka take kirana tun ina rarrafe, "ki yaga biyu. Ki shuka rabi, ki mayar da rabi."

Na ce to. Amma da na fita na duba ƙyallen, na ga tabon danshi a gefe. Na ce a raina irin da aka ajiye haka da wuya rabinsa ya tsiro, kuma wanda aka mayar ba zai kai baɗi da rai ba. Na kankare shi duka.

Aikin na yi shi kamar yadda aka koya mana. Na tankaɗe ƙasa, na auna yashi, na ɗebo ruɓaɓɓen taki daga jujin bayan kicin na gauraya. Na ja layi da zare. Na kafa ɗan katako na rubuta kwanan wata. Kawu ya leƙo ya tambaya ko tumatirin ma zai rubuta jarrabawa.

Kwana shida suka fara tsirowa. Kafin sati uku wurin ya yi kore shar, fiye da yadda na zata. Da ganye na gaskiya ya fito sai na lura kashi biyu ne. Mafi yawa masu ƙarfi ne, ganyensu mai yanka-yanka, irin ganyen tumatir da kowa ya sani. Tsakaninsu kuma ga wasu 'yan tsiraru, gajeru, masu faffaɗan ganye sumul kamar na dankali. Na ƙirga su, goma sha ɗaya.

Abin da muka koya a fili yake. In kana son iri ya tsarkaka, duk wanda ya saɓa wa sauran ka cire shi tun yana ƙarami. Da sassafe na tumɓuke goma sha ɗayan nan na watsa a juji. Na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau cikin sauran, na sa a kofi da ƙasarsa. Sai da na yi wanka, na karya, na amsa waya, rana ta ɗaga sosai, sannan na kai wa Kaka.

Idonta ya yi rauni, saboda haka da yatsu ta duba. Ta shafa ganyen, ta murza, ta kai hanci.

"Wannan na waye?"

"Naki mana, Kaka. Mummuna."

"Wannan ɗan kasuwa ne. A ina kika ɗebo taki?"

"A juji."

"Wata uku ina kwance, me kike tsammani ake zubarwa a jujin nan? Ruɓaɓɓen tumatirin kasuwa. 'Ya'yansa ne suka tsiro miki. Nawa ba ya sauri, kuma ganyensa faffaɗa ne, ba shi da wannan yanka-yankan." Ta ɗago kai. "Bai fito ba ko ɗaya?"

Tun ina yarinya nake cin tumatirin nan. Na yi faɗa a kansa da duk mutanen gida, har takarda na rubuta a makaranta kan yadda irin gargajiya ke ɓacewa saboda sakacin mutane. Amma ban taɓa tsugunawa na kalli ganyensa ba. In Kaka tana ban ruwa, ni ina ɗaki da littafi.

"Ya fito. Na cire."

"To ɗauko rabin da kika mayar."

"Ban mayar ba, Kaka. Duka na shuka." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye kofin a gefen gado a hankali, ta ɗaga murya ta kira Kawu da sunan da ba wanda ke kiransa da shi sai ita.

"Auta! Zo ka fitar da ni."

Likita ya ce kada ta taka. Kawu ya ɗauke ta cak, ya zaunar a kujerar roba, muka kama kujerar ni da shi har bayan gida. Rana ta riga ta hau kan jujin. Na durƙusa ina tona ɓawon albasa da tokar gawayi, ina ɗaga duk koren da na gani.

"Ba wannan ba," in ji Kawu. "Wannan ciyawa ce. Ga shi can kusa da gwiwarki. Ga wani ƙarƙashin ledar nan."

Na dube shi.

"Kin ga kina kallona. Wa kike tsammani ya yi shekara goma yana jan guga saboda tumatirin nan? Ko a mafarki na ga ganyen nan na san shi. Shi ya sa ma na tsane shi."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kin tambaya? Lacca kika yi mini."

Mun tsinto tara. Biyar sun bushe, ana taɓawa suna karyewa. Huɗu sun yi laushi kamar zaren da aka jiƙa. Ni dai a ganina an gama. Kaka ta sa aka ɗora mata su a cinya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Kawo ruwa a kwano, ba mai sanyi ba. Tsoma saiwar. Auta, tona nan gindin tanki inda inuwa take. Ke kuma tsinke ganyen ƙasa, ki bar na sama biyu. Kada ki tsayar da su, kwantar da su za ki yi, ki rufe karan da ƙasa har wuya. Karan ma saiwa yake yi."

Wannan na san shi, yana cikin littafi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na rufe. Na kwantar da su yadda ta ce. Kawu ya kifa musu tsohon kwando.

Kwana biyu ban ga wani canji ba. A rana ta uku na ɗaga kwandon, biyu sun narke sun bi ƙasa, biyu sun ɗago kai kaɗan. Na ruga na gaya wa Kaka.

"Biyu," ta ce. Ta yi ɗan lissafi a ranta. "In tsutsa ta bar mana ɗaya, ya isa. Kada ki sa musu taki yanzu."

"Sai yaushe?"

"Jawo kujera ki zauna. Tsaye kike tambaya, ƙafa ɗaya a waje."

Na jawo kujera na zauna.