Kwamfuta Uku, Suna Ɗaya

Desley ta sake danna rukunin asibitin Karlawu, ya sake buɗewa wayam, babu kwamfuta ko ɗaya a ciki. Wayar na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, Gwaggo Maisie kuwa, ma'aikaciyar asibitin, mai kiranta da sunanta na dangi Nampijinpa, ba ta tsaya jan numfashi ba.

"Baranda ta cika, Nampijinpa. Sabuwar nas ɗin nan ta kasa buɗe bayanan kowa. In ka tambayi tsoho wane magani yake sha, sai ya ce maka farin nan ƙarami. Wanne ne ba fari ƙarami ba?"

"Ina dubawa, Gwaggo."

"Tun safe kike dubawa. Ashe karatun da aka kai ki Adelaide na dubawa ne."

Desley ita kaɗai ce mai kula da kwamfutocin hukumar lafiyar ƙauyuka, daga wani ɗaki marar taga a Alice Springs. Manhajar da suke aiki da ita takan raba kwamfutoci rukuni-rukuni. Wadda ke cikin rukunin asibiti ita ake bari ta buɗe bayanan marasa lafiya, wadda ta fita daga ciki kuwa baƙuwa ce, ko da a kan teburin likita take. Yau duk na Karlawu sun zama baƙi.

Ta shiga rumbun bayanan kai tsaye. Kwamfutocin suna nan, ba su je ko'ina ba. Fihirisar ce ta rikice, jerin nan da manhajar ke leƙawa ta san wace kwamfuta ce ta wane rukuni. Ta ba da umarni a sake gina ta. Injin ya ɗan yi nazari, sannan ya ƙi. Dalilinsa layi ɗaya ne: suna ya maimaitu. Ta nemi sunan. Kwamfuta uku, duk KUMUNJAYI.

Ta ajiye kwalin kofi mai sanyin da ke hannunta.

Baffanta, direban motar asibitin, ya rasu makon jiya. Bisa al'adarsu, daga ranar ba a ƙara kiran sunansa ba, ba a rubuta shi ba. Akwai maza biyu a asibitin masu suna irin nasa, su ma sun koma Kumunjayi, sunan da ake kira a madadin na mamaci, har sai ranar da dangi suka saki sunan. Wanda ya riƙe aikin nan kafin ita kuwa, da cikakken sunan mai amfani da ita ya raɗa wa kowace kwamfuta suna.

"Gwaggo, wa ya taɓa sunayen kwamfutocin?"

"Ni mana. Kullum aka kunna abu sai ya fito ɓaro-ɓaro, ga 'yarsa zaune a teburin gaba. Na sa nas ta nuna mini wurin, na goge da hannuna. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Zan kira ki."

Noel, shugaban sashen, ya shigo yana cin fanken nama daga cikin takarda, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Ya zauna a kan akwatin tsohuwar firinta, ta kira kamfanin manhajar a Melbourne, ta saki muryar su ji tare. Wani mai suna Declan ne ya ɗauka, muryarsa garau kamar ta wanda ya yi barci ya ƙoshi.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Declan. "Ki dawo da ajiyar da kuka yi kafin a canza sunayen. Kafin ki gama shan shayi komai ya koma yadda yake."

"Har da sunayen?"

"Har da su. Abin da muke so ke nan, ko ba haka ba?"

"A'a."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce ya fahimta, kuma yana yi mata ta'aziyya, amma a wurin injin suna harufa ne kawai. Noel ya goge bakinsa da bayan hannu. Ya shekara ashirin a yankin, ba sai an gaya masa ba.

"Des, akwai masu ciwon suga a barandar nan," ya ce. "A dawo da shi na kwana biyu. Su manna takarda a kusurwar allon."

"Kai za ka kira Gwaggo ka gaya mata?"

"Allah ya kiyaye. Ni da nake son in kai ga fansho."

"Declan, babu wata hanya?"

Akwai, amma bai so faɗinta ba. Sai a ba kowace kwamfuta sabon suna nata na kanta. To amma tsofaffin bayanansu na nan rataye a rumbun, su ne ke riƙe da izinin rukunin. Dole a kirawo kowanne da tsohon sunansa, a mayar da izinin kan sabon, a share tsohon, sannan fihirisar ta yarda ta ginu.

"Ba ma ba da shawarar haka," ya ce. "In wani abu ya lalace, ba ruwan kamfani. Amma faɗa mini sunan, in rubuta miki umarnin."

Desley ta kalli Noel, shi kuma ya kalli ƙasa.

"Kina ji na?" in ji Declan.

"Ka bar gurbin," ta ce. "Zan cike."

Da ta kashe wayar, Noel ya miƙe yana kakkaɓe ɓarɓashi daga wando.

"Kawo in rubuta miki. Ni ba a hana ni ba."

"Da yatsun nan naka biyu? Ka kuskure harafi ɗaya ka share mini wani. Sai na karanta abin da ka rubuta kafin a aika, ka ga duk ɗaya ne."

Ya fita, ya jawo mata ƙofar a hankali.

Ta fara da sauƙaƙan. Ta raɗa wa kwamfutocin uku sunayen ɗakunan da suke, teburin gaba da ɗakin magani da gareji. Umarnin Declan ya iso, da gurbinsa a tsakiya. Ta juya allon ya fuskanci bango, ko da yake babu kowa a ɗakin, ta ja kujera ta matse kanta a lungun.

Na rayayyun biyu ta soma yi. Sunan farkon ɗaya ne, amma ta riƙa tuna fuskokinsu, ɗaya dogo mai son ƙwallo, ɗaya mai tari, ta samu ta wuce. Na ukun ya rage. Ta ɗora yatsu a kan madannai, ta ɗauke. Wayar ta haska, Gwaggo ce. Ba ta ɗauka ba. Ta datse leɓɓanta da haƙora don kada su bi yatsun, ta rubuta shi harafi bayan harafi.

Layinsa ya fito. Shigarsa ta ƙarshe ranar wata Alhamis ce, ya duba wa zai kai wankin ƙoda. Ta mayar da izinin kan gareji. Injin ya tambaye ta ko ta tabbata tana son share wannan. Ta ce ta tabbata.

Ginin fihirisar ya ɗauki lokaci. Ta zauna tana kallon zaren da ke tafiya a allon, hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta. Bayanta na ciwo, sanyin kofin ya fita, ya yi ɗumi. Da ya kammala ta buɗe rukunin Karlawu, kwamfutocin suka shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta kira asibitin.

"Ki ce nas ta kashe ta kunna."

Ta ji takun takalmin Gwaggo, da kukan jariri, da wani tsoho yana faɗa a kan layi.

"Ya buɗe," in ji Gwaggo. "Ga shi nan tana duba na tsoho Japaljarri. Ashe ma ba fari yake sha ba, rawaya ne."

"Me aka rubuta a kusurwar allon?"

"Ɗakin magani. To da can me ya hana ku yin haka?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

Gwaggo ta rage murya. Ta matsa daga cikin mutane, hayaniyar ta yi nisa.

"Nampijinpa. Ba ki dai kira shi ba?"

"Ban buɗe baki ba."

Gwaggo ma ta yi shekaru a gaban kwamfuta, ta san ba da baki ake yi mata magana ba.

"Motar asibiti za ta shigo gari ranar Asabar," ta ce. "Ki biyo ta. Akwai sauran farar ƙasar zaman makoki, mu shafa miki kamar kowa."