Rijiyar Baba da Burtsatsen Baffa

A ɗakin binciken nan na jami'a akwai wata ƙa'ida da Farfesa ta kafa da kanta: duk ma'aikacin da ya gama zaman gwaji, ana ba shi gurbi biyu a farantin injin auna ruwa, ya sa abin da ransa ke so. Mai Inji, dattijon da ke lallaɓa na'urar kamar jaririyar da ya haifa, a nasa lokacin ruwan famfo da na kanti ya gwada don ya kashe wata gardama tsakaninsa da matarsa, kuma matar ce ta ci. Auta kuwa tun ranar da ta fara aikin mataimakiya ta san abin da za ta sa.

Aikinta shi ne wanke kwalabe, cika wasu 'yan ƙanana da ba su wuce ɗan yatsa ba, da jera su a faranti. Da farko ta ɗauka ruwa ruwa ne. Farfesa ce ta ganar da ita cewa a cikin kowane ɗigo akwai ƙwayoyi masu nauyi da marasa nauyi, su ake kira aisotof, kuma in zafi ya taɓa ruwa marasa nauyin ne ke fara tashi sama. Don haka kowane ruwa yana yawo da shaidar inda ya fito, injin kuma ya iya karanta ta. Auta na jin haka murna ta kama ta, saboda akwai shari'ar da ke jiran wannan alƙalin a gidansu.

Baba, mahaifin Auta, da ƙaninsa Baffa katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Baffa ya haƙa rijiyar burtsatse, ba a daɗe ba tsohuwar rijiyar Baba ta fara ja da baya. Baba ya ce burtsatsen ne ke tsotse masa ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Baffa ya ce shi bai san ana hassada da famfo ba. Daga nan ko gaisuwa ta yanke, ga mutanen da a da kwano ɗaya suke sa hannu. Abin na ci wa Auta rai, don Baffa ne ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke. In injin ya ce ruwan biyu ba tushensu ɗaya ba, Baba zai sauko. In ya ce ɗaya ne, aƙalla a daina faɗa a kan zato.

Ta aika kwalabe biyu gida, ta bi su da waya.

"Umma, a cika su taf har baki, kada a bar kumfa ko ɗaya, a ɗaure murfin tamau. Na Baffa daban, na Baba daban."

"To sarkin tsari, ni za ki koya wa ɗiban ruwa? Kafin a haife ki nake yi."

Ranar da direban mota ya kawo saƙon, Auta ta ɗaga kwalaben a hasken taga. Tas suke, babu kumfa, babu datti. Ta zuba su a 'yan ƙananan kwalabe, ta jera a faranti. Allurar injin ta riƙa bin jeri tana tsotsa ɗaya bayan ɗaya da irin nawar nan tata mai ban haushi, ita kuwa ta wanke kwalaben da ta riga ta wanke don dai ta samu abin yi.

"Auta! Zo ki ga abin mamaki!" in ji Mai Inji.

Ta zo a guje da safar hannu a jiƙe. A allon kwamfuta ɗigon ruwan Baffa ya zauna lafiya lau cikin jerin ruwan ƙasa. Na Baba kuwa ya yi can gefe shi kaɗai kamar baƙon da ya ɓata hanya.

"Ba ɗaya ba ne!" Ta yi tsalle. "Wallahi ba ɗaya ba ne! Baffa ya fita!"

Ihun ya fito da Farfesa daga ofis. Ta gyara tabarau, ta duba, ta sake dubawa, sai ga ta ta ja kujera.

"Wannan daga rijiya? Ai ko tafkin da ya kusa ƙafewa bai cika yin nauyi haka ba. Ko dai akwai wani tsohon tafki da ke ciyar da ita? 'Yata, in haka ne gidanku za mu tare da kayan aiki. Kira su yanzu, ki tambayi zurfinta da yadda aka ɗebo."

Auta ta kira, ta sa wayar a fili kowa na ji.

"Umma, na Baba yaya kika ɗebo shi?"

"Da guga mana. Sai dai kin san rijiyar ta yi ƙasa, ruwan duk laka. Na ce ina, ba zan tura wa shugabar 'yata wannan abin kunya ba. Na tace shi, na ɗora a wuta, na bar shi ya yi ta tafasa har ya koma rabin tukunya. Kin ga yadda ya fito garau?"

Mai Inji ya riƙe ciki ya sulale kan kujera. Farfesa ta cire tabarau tana share hawayen dariya, tsohon tafkinta ya bi tururin tukunya. Auta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Kuka ne ya taso mata, don gurbinta ya tafi, farantin a cike yake da aikin ɗalibai har ƙarshen zango, kuma ba ta da abin da za ta kai wa kowa.

Sai ta ji hayaniya ta cikin wayar. Muryar Baba ce: "Kin dafa shaida? Shaidar tawa kika dafa?" A bayanta kuma wata dariya ta fashe, mai kauri, mai haɗe da tari, wadda Auta ta sani tun tana ƙarama.

"Umma, wa nake ji?"

"Baffanki mana. Tun safe ya shigo da kujerarsa, wai a gabansa za a faɗi sakamako kada a yi masa coge. Ga su nan sun haɗe mini kai su biyu."

Baba ya karɓi wayar, yana ƙoƙarin ɗaure murya.

"Auta, yaushe za a sake gwadawa?"

"Sai an samu gurbi, Baba. Zai ɗauki lokaci sosai."

Ta ji Baffa na cewa wani abu, Baba ya amsa masa da "Kai dai yi shiru, Ƙarami," sunan da rabon da a ji shi a gidan tun kafin burtsatse.

"To, kada ki takura wa mutane," in ji Baba. "Ba sauri muke ba. Baffanki ya ce kullum zai riƙa leƙowa ya ji ko sakamakon ya fito."